Launi da yanka a hoton ƙwallon kwando na rufaffen ɗaki

Wani matashi mai ɗaukar hoto ya aiko da tambaya, haɗe da hotunan da ya ɗauka a wasan ƙwallon kwando cikin rufaffen ɗakin wasa. Abu biyu ne ke damunsa. Na farko, idan ya danna ya riƙe, kyamara ta kwashe hotuna a jere, sai ɗaya ya fito kore-kore, na bayansa ruwan hoda, wani ma rabi haske rabi duhu, alhali bai taɓa komai ba. Na biyu, wanda yake kai wa aikin ya dawo masa da wasu hotunan, ya ce a nan ya yanke ƙafafun 'yan wasa, a can kuma ya bar fili da yawa. Yana neman a faɗa masa yadda ake daidaita launi da kuma inda ake yanka.

Ƙanena, ka kwantar da hankalinka, kyamararka lafiyarta ƙalau, kada ka kai ta wurin mai gyara. Fitilun ɗakin ne ke yi maka haka. Wutar lantarkin da muke amfani da ita a Najeriya da Nijar da Ghana da Kamaru tana juyawa sau 50 a daƙiƙa guda, kuma a kowane juyi hasken fitila yana hawa ya sauka sau biyu. Ke nan dogon ƙwai na fuloresan, da manyan fitilun rufi irin na metal halaid, da fitilun LED masu araha, duk suna ƙiftawa sau 100 a daƙiƙa. Idon ɗan adam ba ya kama wannan. Kyamara kuwa tana kamawa, domin kai da kanka ka umarce ta da ta buɗe labulenta na kashi ɗaya cikin dubu na daƙiƙa kawai don ka tsayar da gudun ɗan wasa. A 1/1000, abin da ya shiga hotonka kashi ɗaya ne cikin goma na ƙiftawa guda. Wani hoton ya faɗo lokacin da fitila ke kan ganiyarta, wani ya faɗo lokacin da take gab da mutuwa. Ka lura kuma da wannan idan kana koyo daga bidiyoyin Amurkawa: wutarsu tana juyawa sau 60 ne, shi ya sa suke ambaton 1/60 da 1/120. Namu lissafin 1/50 ne da 1/100.

Da a ce ƙarfin hasken ne kaɗai ke sauyawa, da abin ya zo da sauƙi. Launin ma yana sauyawa. A cikin dogon ƙwai akwai tururin zaiba, wanda ke fitar da kore mai ƙarfi a daidai nanomita 546 tare da shuɗi, sannan akwai farar hodar da aka shafe cikin gilashin da ita. Idan wuta ta yi ƙasa, hasken zaibar yana ɗaukewa nan take, hodar kuwa tana ɗan ci gaba da haskawa, kuma abin da take bari ya fi karkata ga rawaya da ruwan ƙasa. Wannan ne ya sa hotuna biyu da tazararsu ba ta kai ƙiftawar ido ba suke fitowa kamar a ɗakuna daban aka ɗauke su.

Shi kuma hoton da rabinsa ya yi duhu, labulen kyamara ne sanadi. Idan gudun labule ya wuce wajen 1/200 ko 1/250, ba a buɗe sensa, wato ɓangaren da ke karɓar haske a cikin kyamara, gaba ɗaya a lokaci guda. Wata siririyar tsaga ce ke ratsawa daga gefe zuwa gefe, kuma kafin ta gama tafiyarta fitila ta riga ta sauya hali. Idan kyamararka marar madubi ce kuma ka kunna ɗauka marar sauti, abin ya fi muni, saboda yawancin sensa suna karanta hoton layi-layi a hankali, sai ka ga zane-zane da yawa a kwance, har ƙwallo ta koma kamar ƙwai. A irin wannan ɗaki ka koma kan labule na ƙarfe mai sauti.

Gani ya kori ji. Kafin wasa na gaba, ka fuskanci farin bango a cikin ɗakin, ka ɗauki hotuna a jere a 1/1000, sannan ka maimaita a 1/100. Na farkon za su fito kowa da launinsa, na biyun za su fito iri ɗaya, domin 1/100 ta haɗiye ƙiftawa guda cif. Sai dai 1/100 ba ta tsayar da mai gudu. Ƙwallon kwando yana son 1/500 zuwa 1/1000, ƙwallon raga da badminton ma fiye da haka idan kana son ƙwallon ta tsaya cak. Saboda haka dole a nemi wata hanya.

Hanyar farko tana cikin kyamarar. Canon ta sa tsarin gane ƙiftawar fitila a 7D Mark II a 2014, Nikon ta sa nata a D500 a 2016, kuma yanzu yawancin kyamarori suna da shi. Kyamarar tana lura da bugun hasken, sai ta ɗan jinkirta ɗauka ta dace da lokacin da ya fi ƙarfi. Za ka rasa kaɗan daga saurin ɗauka a jere, amma cinikin da riba. Akwai sharaɗi guda da ya shafe mu musamman: an gina tsarin ne ya gane ƙiftawa 100 ko 120 a daƙiƙa. Idan aka ɗauke wuta aka koma kan janareta, saurin juyin wutar ya dogara ne da gudun injin, kuma injin da kaya suka yi masa yawa yana iya kauce wa 50. A lokacin kana iya ganin tsarin ya daina cin nasara. Ban da haka, fitilun metal halaid idan suka mutu sai sun huce kafin su sake kamawa, sannan su ɗauki mintuna suna sauya launi kafin su zauna. Duk ma'aunin da ka ɗauka kafin a ɗauke wuta ya tashi aiki, sai ka sake sabo. Wani abin kuma, manyan ɗakuna sukan raba fitilunsu a kan layin wuta uku, kowane rukuni yana ƙiftawa a nasa lokacin. Hakan yana rage duhun da ke shiga tsakani, amma yana iya sa ɗan wasan da ke gaba ya yi daidai, na bayansa ya yi kore. Wannan babu saitin da ke magance shi gaba ɗaya. Abin yi shi ne ka zagaya filin tun ana motsa jiki, ka ga kwandon da fitilunsa suka fi lafiya, ka zauna a can.

Yanzu batun daidaita fari, wato saita kyamara yadda farin abu zai fito fari a hoto. Kuskuren da na fi gani a wajen masu tasowa shi ne ɗaukar cewa lambar Kelbin ce kaɗai ke aiki. Layi biyu ne. Na ɗaya yana tafiya daga ruwan lemo zuwa shuɗi, shi ake aunawa da Kelbin: tsohon ƙwan lantarki mai zare yana wajen 2700 zuwa 3200, hasken rana tsaka wajen 5500, fitilun ɗakunan wasa galibi tsakanin 4000 da 5500, wasu LED har 6500. Na biyu yana tafiya daga kore zuwa ruwan hoda, kuma nan ne ciwon ɗakunan wasa yake. Mutum zai yi ta jan Kelbin gaba da baya, hoto ya yi sanyi, ya yi zafi, koren nan yana nan daram, domin ba a layin yake ba. A manhajar gyaran hoto ta Lightroom madannin da ke ƙasan na zafin launi shi ke wannan aikin. Ka tura shi wajen ruwan hoda sannu a hankali har koren ya saki fuska.

Kada ka bar kyamara ta riƙa zaɓar fari da kanta a cikin ɗaki. Tana yin hasashe ne daga abin da ya cika hoton. Idan 'yan wasa masu koriyar riga irin ta Najeriya suka cika shi, sai ta ɗauka hasken ne kore, ta zuba ruwan hoda. Idan daɓen katako ya cika shi, sai ta ja wajen shuɗi. Ka ga an tara maka sauyi biyu, na fitila da na kyamara. Ka samo katin ruwan toka na masu hoto, ka shiga cikin filin kafin a fara, ka sa wani ya riƙe maka shi a tsaye daidai tsawon fuska yana kallon inda za ka zauna. Kada a shimfiɗa shi a ƙasa yana kallon rufi, kuma kada a auna a wajen 'yan kallo. So ake ya sha hasken da fuskar ɗan wasa za ta sha, har da wanda ke tasowa daga daɓe. Idan ka kunna tsarin gane ƙiftawa, ka ɗauki katin da gudun labulen da za ka yi aiki da shi. Idan kyamarar ba ta da tsarin, ka ɗauke shi a 1/50 don ka samu matsakaicin launi, ta yadda karkatar kowane hoto ba za ta yi nisa ba.

Farar rigar ɗan wasa ba abin dogaro ba ce. Masaƙu suna sa wa farin yadi sinadarin da ke ƙara masa ƙyalli mai ratsin shuɗi, mu ma a gida muna sa bula a wanki. Idan ka ce wa kwamfuta wannan rigar ita ce fari na gaskiya, za ta cire shuɗin ta bar maka hoto mai rawaya. Inda hasken ya ƙone rigar kuwa babu wani bayanin launi da ya rage a wurin. In babu kati, rigar alƙalin wasa idan ruwan toka ce, ko inuwar farin layin allon kwando, sun fi kusa da gaskiya.

Ka riƙa ɗauka a RAW, wato ɗanyen fayil ɗin da kyamara ba ta sarrafa ba. JPEG, fayil ɗin hoto na yau da kullum, yana da matakai 256 ne a kowane launi, kuma an riga an gasa farin a ciki. RAW mai bit 14 yana da 16,384, farin kuma umarni ne kawai da za ka iya sauyawa ba tare da asara ba. In kuɗin manhaja ne matsala, darktable da RawTherapee kyauta ne. In kuma aikin na gaggawa ne, ka ɗauki RAW da JPEG tare, ka tura JPEG, ka adana RAW. Kamfanin dillancin labarai na Reuters ma a 2015 ya nemi masu yi masa aiki su riƙa turo JPEG da ya fito daga kyamara, wanda ke nufin gwanin aiki shi ne wanda ya daidaita launinsa tun a fili.

Ga abin da na fi so ka riƙe a duk maganar launi: fatar ɗan wasa ce alƙali. Rigar ƙungiya na biye, daɓe da bango su ne na ƙarshe. Ka buɗe hotonka na yaron nan mai farar riga da ya tashi zai jefa ƙwallo, ka matso da fuskarsa. Goshinsa da ƙashin kumatunsa suna sheƙi da gumi, sheƙin kuma kore ne. Ƙarƙashin haɓarsa da cikin damtsensa sun yi ja-ja kamar ruwan goro. Haske biyu ne a fuska ɗaya, na sama daga fitila, na ƙasa daga katako. Baƙar fata mai gumi tana mayar da launin fitila kusan yadda ya zo, shi ya sa koren da ba zai dami farar fuska sosai ba yake sa namu 'yan wasan su yi toka-toka kamar marasa lafiya. Ka kashe koren goshin, ka bar ɗumin haɓar. Wannan ɗumin shi ke shaida cewa a kan katako ake wasan, kuma yana ba fuska rai. Wanda ya dage sai ya mayar da komai fari tas zai ƙare da mutum mai launin siminti.

Ina faɗar wannan da ƙarfi ne domin kayan aikin namu ba da fatarmu aka fara auna su ba. Shekaru da dama ɗakunan wanke hoto sun riƙa daidaita injinansu da katin Kodak mai hoton farar mace, wanda ake kira katin Shirley, kuma sai a tsakiyar shekarun 1990 kamfanin ya fitar da mai ɗauke da mata masu launin fata daban-daban. An samu ci gaba sosai, amma har yau kyamara ba ta san yadda ɗan Kano ko ɗan Damagaram yake a ido ba. Kai ka sani. Ido ba mudu ba ne, amma ya san kima. Idan ka samu allon ColorChecker mai gida 24, gidansa na farko na baƙar fata ne, kuma da shi za ka iya gina wa wannan ɗakin tsarin launi na kansa, wanda ke taimakawa ƙwarai a ƙarƙashin fitilun da haskensu ke da giɓin wasu launuka. Abin da ban yarda da shi ba ko kaɗan shi ne haskaka fatar ɗan wasa har ta bar launinta. Ɗago inuwar da ke cikin kwarmin ido gyara ne, sauya wa mutum fata kuwa cin amana ne.

Akwai tarko guda a ƙwallon kwando. A manhajar gyara, madannin ruwan lemo yana riƙe da abu uku lokaci ɗaya: ƙwallo, daɓen katako da fatar mutum. Idan daɓen ya yi maka ja da yawa ka rage shi daga nan, ka kashe fuskoki da ƙwallon tare. Ka ware daɓen shi kaɗai ka rage masa, manhajojin yanzu suna iya zaɓo mutum su bar bayansa. Haka idan ɗakin na da tagogi a sama kuma da la'asar ake wasan, za ka samu hasken waje mai shuɗi a gefe guda, na fitila a ɗaya gefen. Ka zaɓi wanda ya fi sauka a fuska ka daidaita da shi, ka ƙyale ɗayan. Idan kuwa ka tarar da fitilun sodiyam masu ruwan lemo irin na titi, waɗanda ke wajen Kelbin 2000, ka sani babu shuɗi ko kore na kirki a cikin haskensu, kuma abin da bai shiga kyamara ba kwamfuta ba za ta haife shi ba. A nan baƙi da fari mafita ce mai mutunci, sai dai ka tambayi mai aikin tukuna, domin ƙungiya tana son a ga launin rigarta.

Kafin ka yanke hukunci a kan launi, ka kashe tsarin kare ido na wayarka ko kwamfutarka, wanda ke sa allo ya yi rawaya da dare. Ka fitar da hoton a tsarin launi na sRGB, shi wayoyi da intanet suka sani.

To, yanka. Wanda ya dawo maka da hotunan yana da gaskiya a duka biyun, kuma ba saɓani a maganarsa. Yanka ya kasu biyu, ko a matse sosai ko a saki sosai. Wanda ya tsaya a tsakiya shi ne ke kama da kuskure. Idan jiki gaba ɗaya kake so, to ya zama gaba ɗaya, har takalmi da ɗan daɓe a ƙasansa. Idan fuska da ƙwallo kake so, ka shigo ka yanka a tsakiyar cinya ko a saman ƙugu, yadda kowa zai gane da gangan ka yi. Ba a yanka a kan gaɓa: idon sawu, gwiwa, wuyan hannu, gwiwar hannu, wuya. Idan layin hoto ya faɗa a kan gaɓa, ido yana karanta shi a matsayin guntulewa.

A hoton tsalle, daɓe shaida ne. Yaron nan mai farar riga ya tashi sama sosai, amma da ka yanke a idon sawunsa ka ɓatar da hujjar. Mai kallo ba zai san ko a tsaye yake yana miƙa hannu ba. Tazarar da ke tsakanin tafin takalmi da inuwarsa a ƙasa ita ce labarin. Idan ba za a samu daɓe ba, to a samu kwando, wanda tsawonsa daga ƙasa mita 3.05 ne a ko'ina. A ƙwallon raga saman ragar ne ke wannan aikin, mita 2.43 ga maza, 2.24 ga mata. A taikwando ko dambe kuwa abokin karawa ne ma'aunin: bugun da ba a ga inda ya sauka ba motsa jiki ne kawai.

Bayan haka sai ƙwallo da fuska. Hoton wasan ƙwallo da babu ƙwallo a cikinsa sai ya kasance na murna, ko na ɓacin rai, ko na koci yana ba da umarni. Kuma kada ka yi saurin yanke mai tsaron baya. Sau da yawa fuskar wanda aka wuce, da bakinsa a buɗe da idonsa a sama, ta fi ta wanda ya ci ƙwallon faɗar abin da ya faru. Ka bar fili a gaban mai gudu, ta inda ya nufa ko ta inda yake kallo, ka rage na bayansa. Filin da mai aikinka ya ƙi shi ne wanda ba ya cewa komai: kujerun roba da babu kowa a kai, rufin kwano, bangon da wata fitila ta rina kore. Ka ga nan yanka ya zama gyaran launi ma, domin da ka cire wancan bangon rabin damuwarka ta tafi.

Wajen miƙe hoto, ka bi abin da ke tsaye, kamar sandar allon kwando ko kusurwar bango da ke kusa da tsakiyar hoton. Layukan daɓe suna karkata ne saboda kusurwar da ka zauna, idan ka bi su sai 'yan wasa su jingina.

Kowane yanka yana da farashi, kuma a ɗaki mai ƙarancin haske farashin ya fi tsada. A ce kyamararka mai megafiksel 24 ce, wato ɗigon hoto 6000 a faɗi, 4000 a tsaye. Idan ka yanke rabin faɗi da rabin tsawo, ba 12 ne ya rage ba, 6 ne. Idan ka fitar da hoton tsaye na 4:5 daga na kwance, 3200 da 4000 za ka samu. Na 9:16 irin na sitatus ɗin WhatsApp kuwa 2250 da 4000. Waɗannan duk sun isa. Matsalar tana zuwa ne idan ɗan wasan yana can ɗaya ƙarshen fili mai tsawon mita 28, ka ɗauke shi ɗan mitsitsi a ISO 6400, wato an ɗaga ƙarfin jin hasken kyamara sosai, sannan ka ce za ka jawo shi a kwamfuta. Abin da kake faɗaɗawa har da yashi-yashin hoton, da ɗigon kore da ja da ke ɓuya a inuwa, kuma a baƙar fata inuwar nan ce fuska. Don haka yankan gaske a bakin fili ake yin sa. Ka zauna a ƙasa a layin baya, kusa da kusurwa. Faɗin filin mita 15 ne, ke nan tsakaninka da kwando wajen mita 7 ne. Da gilashin 50mm mai buɗin f/1.8 a kan kyamara mai ƙaramar sensa, idan ka juya ta a tsaye, hoton zai ɗauki fiye da mita uku kaɗan daga ƙasa zuwa sama a wannan nisan, wato daga daɓe zuwa bakin kwando. A kan mai cikakkiyar sensa 85mm na yin kusan haka idan ka ɗan ja baya. Ba sai ka mallaki babban gilashi na 70-200mm f/2.8 kafin ka yi aiki mai kyau ba. Ka jira wasa ya zo wajenka, ka ƙyale abin da ke faruwa a can nesa. Ka kuma bar 'yar rara a kowane gefe, kamar yadda tela ke bari a ɗinki, saboda miƙe hoto yana cin gefe, hannun mai tsalle kuma yana wuce inda ka zata.

Idan kana son ganin abin da sakin hoto ke iya yi, ka nemi hoton dambe da mai ɗaukar hoto Neil Leifer ya ɗauka na Muhammad Ali tsaye a kan Sonny Liston, ranar 25 ga Mayu 1965 a garin Lewiston na jihar Maine a Amurka. Da kyamarar Rolleiflex ya ɗauka, hoton murabba'i ne. Akwai duhu mai yawa a saman kan Ali, Liston yana kwance a ƙasa, ga fuskokin 'yan jarida a bakin dandali, har da wani mai hoto da ake hangowa ta tsakanin ƙafafun Ali. Ana yawan matse hoton idan za a buga shi, kuma duk sanda aka yi haka sai ƙarfinsa ya ragu. Launinsa kuma ya yi kyau ne domin da fitilun filas da aka rataye a saman dandalin aka haska shi. Mu ba mu da wannan gatan a yawancin ɗakunanmu, filas a kan kyamara kuwa yana shiga idon ɗan wasa, kada ka kunna shi sai da izinin masu shirya wasa.

Akwai yankan da ke sauya gaskiya. A ce ɗan wasa ya faɗi, a gefen hoton ana ganin hannun da ya ture shi. Ka yanke hannun, ya zama wanda ya zame da kansa. Ko koci yana yi wa alƙali magana, ka matse hoton har ya zama kamar ɗan wasansa yake yi wa tsawa. Manyan kafofin labarai sun yarda da yanka da daidaita launi, ba su yarda a goge wani abu ko a ƙara ba, ko da robar ruwa ce a gefen fili. Idan ta dame ka, ka yanke ta in yanka zai yi, in ba zai yi ba ka bar ta. A wasannin mata kuma ka ƙara kula. Yankan da ya mayar da hankalin mai kallo daga wasa zuwa jikin 'yar wasa bai dace ba, kuma yana iya sa iyaye su hana yarinya fili. Tun 2017 hukumar ƙwallon kwando ta duniya, FIBA, ta halatta rufe kai a wasa, don haka za ka haɗu da 'yan wasa masu hijabi. Farin hijabi yana ruɗar ma'aunin haske ya duhunta fuska, baƙi kuma ya sa ta yi haske fiye da kima, saboda haka ka saita hasken da hannunka a kan fuskar, ka bar shi a haka.

Idan za ka miƙa aiki, ka tambayi inda hoton zai je kafin ka yanka. Instagram ya wadatu da 1080 da 1350, amma cikakken shafin A4 a ɗab'i mai kyau yana son 2480 da 3508. Mai tsara fosta ko shafin jarida kuma yana buƙatar wurin da zai ɗora rubutu, wanda ke nufin filin da ka ga ba shi da amfani yana iya zama abin da yake nema. Ka ba shi kowane muhimmin hoto iri biyu, ɗaya da yankanka, ɗaya a sake da launi iri ɗaya, ka rubuta masa a sunan fayil wanne ne wanne.